Katin asibitin aro da akwatin "ɗan ƙasa": amsa ga wata uwa a Shikago

Wasiƙar

Assalamu alaikum. Ni mace ce mai shekara 46, ina zaune a birnin Shikago na jihar Illinois a Amurka. Mun shigo a 2015 da bizar ziyara, ni da maigidana da 'yarmu mai shekara 7 a lokacin, kuma ba mu koma ba bayan wa'adin bizar ya ƙare. A 2017 Allah ya ba mu ɗa namiji a nan. Ina da ciwon suga da hawan jini. Tun 2022 nake cin gajiyar inshorar lafiyar da jiha ta buɗe wa manya marasa takardun zama, sai ga shi an rufe shirin a 2025. Yanzu raba ƙwayar maganina biyu nake yi don ta daɗe, kuma rabona da ganin likita ya kai wata huɗu. 'Yata tana ajin ƙarshe na sakandare, tana da ƙoƙari ƙwarai, amma ana ta cewa za a hana irinta tallafin karatu. Yayar maigidana, wadda ke da takardu, ta ce in riƙa zuwa asibiti da katinta tunda muna kama. Wani ɗan garinmu kuma ya ce yarinyar ta cike fom ɗin tallafin gwamnatin tarayya da lambar ɗiyarsa, ta nuna cewa ita 'yar ƙasa ce, wai babu mai bincike. Maigidana ya karkata ga shawarar tasu, in kuwa ba haka ba, ya ce mu tattara mu koma wata jihar. Ina kuma tunanin cire yaran daga inshorarsu don kada a gano mu. Zuciyata ba ta kwanta da ko ɗaya ba. Me zan yi?

Amsa

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ba ki lafiya, ya raya miki zuri'a. Rashin kwanciyar zuciyar da kika ambata yana kan hanya, kuma zan yi ƙoƙarin ba ki hujjojin da za ki ajiye a gaban maigidanki, domin mai ba da shawara a cikin dangi yana da wuyar musantawa idan abin da kike da shi kawai shi ne "raina bai so ba".

Abu na farko da na lura da shi a wasiƙarki shi ne kin ɗaure mutum uku da igiya ɗaya, alhali a idon dokar Amurka matsayinku ya sha bamban. Ke babba ce da bizarki ta ƙare. 'Yarki yarinya ce da ba ta kai 18 ba, wadda ta yi kusan dukan karatunta a makarantun Illinois. Ɗanki kuwa ɗan ƙasa ne tun ranar da aka haife shi, bisa gyara na 14 na tsarin mulkin ƙasar. Ƙofar da aka rufe a 2025 taki ce ke da maigidanki, amma tsoron da rufewar ta haifar yana neman ya sa ki rufe wa yaran nasu ƙofofin da hannunki. Saboda haka za mu ɗauke ku ɗaya bayan ɗaya, sai dai kafin nan dole in kawar da shawarwarin nan biyu da aka ba ki, domin a cikin duk abin da kika lissafa su kaɗai ne idan an aikata ba su da gyara.

Shawarar ɗan garinku ita ce mafi haɗari, duk da cewa a ido ba ta fi a sa alama a ɗan ƙaramin akwati ba. Tun dokar shige da fice ta 1996, duk baƙon da ya yi ƙaryar cewa shi ɗan ƙasar Amurka ne domin ya samu wani amfani a ƙarƙashin dokar tarayya ko ta jiha, an haramta masa samun izinin zama har abada, kuma wannan haramcin ba shi da hanyar neman afuwar da ake samu a wasu laifuffukan. Mutum zai iya wuce wa'adin bizarsa da shekara goma sha biyar, ya yi aiki ba izini, daga baya ya gyara zamansa ta hanyar aure ko ta hanyar ɗansa. Wanda ya ce shi ɗan ƙasa ne alhali ba haka ba, ko ya auri ɗan ƙasa daga baya, hanyar ta toshe. Cewar da ya yi babu mai bincike ma ba gaskiya ba ce, domin fom ɗin neman tallafin karatu na tarayya, wanda ake kira FAFSA, ana haɗa bayanansa kai tsaye da rajistar hukumar Social Security mai ba da lambar shaidar da ɗan garinku yake nufi, a duba suna da ranar haihuwa da lamba da matsayin ɗan ƙasa, kuma a jikin fom ɗin an rubuta cewa wanda ya ba da bayanin ƙarya da gangan zai iya fuskantar tarar da ta kai dala 20,000 ko ɗauri ko duka biyun. Ki lura kuma da wanda zai sa hannu. Mutumin da ya kawo shawarar ba zai sa hannu a komai ba, yarinya mai shekara 17 ce za ta sa, ita ce kuma za ta ɗauki tabon har tsufanta, ɗiyarsa da aka ari lambarta ma ba za ta tsira daga tambayoyi ba. Ina roƙonki ki zaunar da 'yarki ki faɗa mata wannan da bakinki, ki haɗa mata da gargaɗin cewa irin wannan akwatin yana nan a fom ɗin ɗaukar aiki da takardar rajistar zaɓe, kuma a kowannensu hukuncin ɗaya ne.

Batun ya shafe ki ke ma ta wata fuska da wataƙila ba ki yi tunaninta ba. Tunda da biza kuka shigo, jami'i ya duba fasfonku ya buga muku hatimi, dokar da ake da ita ta ba ɗan ƙasa da ya cika shekara 21 damar nema wa iyayensa katin zama na dindindin ba tare da sun fita daga ƙasar ba, ko da bizarsu ta daɗe da ƙarewa. Ɗanki zai cika 21 a 2038. Na san shekarun suna da nisa, kuma doka tana iya sauyawa kafin lokacin, amma ita ce hanya mafi bayyana da kuke da ita ke da mahaifinsa, kuma abin da ke lalata ta shi ne tarihin zamba a takardun hukuma. Ki adana tsohon fasfon nan mai hatimin shigowa kamar yadda kike adana zinarenki, domin shi ne shaidar cewa ta ƙofa kuka shigo.

Wannan ya kawo mu ga katin yayar maigidanki. Na yarda da kyakkyawar niyya ta yi tayin, kuma ya kamata ki gode mata da gaske. Amma amfani da inshorar wani zamba ce a doka, ga mai aro da mai bayarwa, kuma idan takardunta na zama ne ba na ɗan ƙasa ba, ita ma tana jefa nata matsayin cikin haɗari. Ko da a ce doka ba ta ce komai ba, akwai illar da ta fi kusa da jiki. Asibitocin Amurka suna tara tarihin mara lafiya a kwamfuta, likitoci a wurare daban-daban suna karanta fayil ɗaya. Idan kika je da sunanta, ciwon suganki da hawan jininki da rukunin jininki da magungunanki duk za su shiga fayil ɗinta, nata kuma su zama naki. Ranar da aka kawo ɗayanku a sume, likita zai yi aiki da abin da ya gani a rubuce, yana iya ba ta maganin da ba ta buƙata, ko ya ba ki wanda jikinki ba ya karɓa. Ki faɗa mata haka cikin ladabi, ki ce kina tsoron cutar da ita ne, kuma idan tana son taimakawa, ta raka ki asibiti ranar farko ko ta ɗauki nauyin kuɗin magani na wata biyu. Wannan taimako ne da ba zai dawo ya ciji kowa ba.

Yanzu ga lafiyarki, wadda ita ce ta fi gaggawa. Gaskiya ne jihar Illinois ta rufe shirin manya masu shekara 42 zuwa 64 daga ranar 1 ga Yulin 2025, bayan ta daina karɓar sababbin masu rajista tun tsakiyar 2023, kuma mutane fiye da dubu talatin ne suka rasa inshora rana ɗaya tare da ke. Dalilin da gwamnatin Gwamna Pritzker ta bayar shi ne kuɗi, domin shirin da na tsofaffi sun ci ninkin abin da aka ƙiyasta tun farko, har binciken babban mai binciken kuɗin jiha ya nuna an kashe sama da dala biliyan ɗaya da rabi a 'yan shekarun farko, kuma jiha ce ke biya ita kaɗai tunda dokar tarayya ta 1996 ta hana a kashe kuɗin yau da kullum na Medicaid, wato inshorar lafiyar gwamnati ta masu ƙaramin ƙarfi, a kan marasa takardu. An bar shirin 'yan shekara 65 zuwa sama ga waɗanda suka riga suka shiga, an kuma bar na yara. To amma rasa inshora daban, rasa likita daban, kuma kafin 2022 ma mutane irinki suna ganin likita a Shikago.

Wurin da ya kamata ki fara zuwa shi ne ɗaya daga cikin cibiyoyin lafiya na unguwa da gwamnatin tarayya ke tallafawa. Suna nan da yawa a birnin, kuma ƙa'idarsu ita ce su caji mutum gwargwadon abin da yake samu da yawan iyalinsa, ba sa korar mara lafiya don ba shi da inshora, sannan da yawansu suna sayar da magani a farashi mai rahusa. A watan Yulin 2025 ma'aikatar lafiya ta tarayya ta yi yunƙurin sa waɗannan cibiyoyin cikin jerin abubuwan da marasa takardu ba za su amfana da su ba, jihohi kusan ashirin har da taku suka kai ƙara, alƙali kuma ya dakatar da matakin a jihohin da suka shigar da ƙarar. Bayan su akwai tsarin asibitocin gundumar Cook, wadda Shikago ke cikinta, wanda ke da shirin rangwame mai suna CareLink domin mazauna gundumar marasa inshora, ba tare da la'akari da takardun zama ba. Abin da za a nema a wurinki shi ne shaidar inda kike zaune da shaidar kuɗin shiga, don haka ki tanadi takardar haya ko ta kuɗin wuta, da takardun albashin maigidanki ko wasiƙa daga mai ba shi aiki. Idan an ce ki cike fom, ki cike da sunanki na gaskiya, inda ba ki da lambar Social Security ki bar wurin babu komai ko ki ce ba ki da ita. Rashin lamba ba laifi ba ne, lambar wani ita ce laifi.

Raba ƙwayar da kike yi ya fi komai tayar mini da hankali. Ciwon suga da hawan jini ba sa yin ƙara lokacin da suke ɓarna, a hankali suke cin ƙoda da ido da jijiyoyin ƙafa da na zuciya, sai mutum ya ga yana jin garau har ranar da aka ce masa sai wankin ƙoda. Abin takaicin shi ne magungunan da aka fi rubutawa domin waɗannan cututtukan biyu, irin su metformin da amlodipine da lisinopril, suna cikin mafi arha a ƙasar, har wasu manyan kantunan magani suna sayar da na wata guda a kan 'yan daloli ƙalilan idan akwai takardar likita. Ko insulin kike yi, manyan kamfanonin da ke yin sa sun rage farashi a 'yan shekarun nan kuma suna da shirin rangwame ga marasa inshora. Takardar likitan ita ce abin da kika rasa, kuma ziyara ɗaya ce za ta samar miki da ita. Ki je a wannan makon, ki faɗa wa likitan gaskiya cewa kin yi wata huɗu kina shan rabin magani, domin ya auna jininki da ƙodarki da wannan sanin.

Idan kuwa, Allah ya kiyaye, kika ji ciwon ƙirji, ko gefen jikinki ya saki, ko magana ta karye, ko amai da ƙishirwa suka tsananta, kada ki tsaya lissafi. Dokar tarayya ta 1986 ta wajabta wa duk asibitin da ke karɓar kuɗin Medicare (inshorar lafiyar tarayya ta tsofaffi), wato kusan dukansu, ya duba duk wanda ya zo sashen gaggawa ya kuma ceto shi, ba tare da sharaɗin kuɗi ko takardu ba. Dokar ba ta ce kyauta ba ne, takardar kuɗi za ta biyo baya. Amma akwai Medicaid na gaggawa wanda ke biyan irin wannan jinyar ga masu ƙaramin ƙarfi ko da ba su da takardu, asibitocin da ba na neman riba ba kuma doka ta tilasta musu su kasance da tsarin yafe wa talaka kuɗi ko rage masa, Illinois ma tana da tata dokar ta rangwame ga marasa inshora. Mutane da yawa suna biyan abin da ba a wajabta musu ba, ko su gudu daga bashin, saboda ba su san cewa ana neman ofishin taimakon kuɗi na asibitin a cike fom ba.

Tun da mun zo nan, bari in faɗi ra'ayina a kan manufar kanta a taƙaice, domin na ji alamar kunya a wasiƙarki. Masu goyon bayan rufe irin waɗannan shirye-shiryen suna da hujjar da ba za a raina ba: kasafin jiha yana da iyaka, akwai 'yan ƙasa da su ma ba su da inshora, kuma kowace ƙasa tana da haƙƙin ta bambanta wanda ya bi ƙa'idar shigowa da wanda bai bi ba. Inda nake ganin lissafin ya karkace shi ne, tunda doka ba ta yarda a bar mutum ya mutu a bakin asibiti ba, jihar da ta ƙi biyan kuɗin ƙwayar hawan jini tana iya ƙarewa da biyan kuɗin jinyar shanyewar jiki, wanda ya ninka shi sau ɗaruruwa. Sannan marasa takardu suna biyan haraji, a kanti da cikin kuɗin haya da cikin albashi, har wata cibiyar nazarin haraji ta ƙiyasta abin da suka biya a 2022 da kusan dala biliyan 97. Abin da kika ci a shekaru ukun nan doka ce ta ba ki, ba ki saci komai ba.

Game da cire yaran daga inshora, amsata ita ce kada ki yi. Ɗanki ɗan ƙasa ne, haƙƙinsa ne. 'Yarki kuma shirin All Kids, wanda Illinois ta fara tun 2006, yana ɗaukar yara ba tare da duba takardunsu ba har su cika 19, kuma ba a taɓa shi ba. Ba zan ɓoye miki cewa tsoronki yana da tushe ba. A watan Yunin 2025 an bayyana cewa hukumar Medicaid ta tarayya ta miƙa wa ma'aikatar tsaron cikin gida bayanan masu rajista daga wasu jihohi, Illinois na cikinsu, jihohin kuma suka garzaya kotu. Haka nan tun Janairun 2025 aka soke umarnin da ke hana jami'an shige da fice kame a asibitoci da makarantu. Amma ki yi tunani a kan abin da cirewar za ta canja. Sunanki da adireshinki suna cikin rajista tun 2022, kuma tun 2015 gwamnatin tarayya ke da hoton yatsunki daga ranar da kuka sauka. Cire yaran ba zai goge ko harafi ɗaya ba, abin da zai goge shi ne allurar rigakafinsu da likitan haƙorinsu. Idan lokacin sabunta rajistar ya zo, ki sani cewa uwar da ke nema wa ɗanta ba a wajabta mata bayyana nata matsayin ba, tunda ba wa kanta take nema ba.

Sai karatun yarinya. Hukuncin kotun ƙolin Amurka na 1982 ya tabbatar wa kowane yaro karatun firamare da sakandare kyauta ko da ba shi da takardu, amma bai kai jami'a ba, daga nan kowace jiha da tata dokar. Tallafin tarayya irin na Pell da bashin karatu na gwamnati ba nata ba ne, shirin DACA mai kare waɗanda aka shigo da su suna yara daga kora ma bai shafe ta ba, domin sharaɗinsa mutum ya kasance a ƙasar tun watan Yunin 2007, kafin a haife ta ke nan. Labaran da kike ji suna da asali: Texas, wadda ita ce ta fara bai wa irin waɗannan ɗaliban kuɗin makaranta mai rahusa na 'yan jiha a 2001, ta rasa dokar a watan Yunin 2025 bayan ma'aikatar shari'a ta tarayya ta kai ƙara kuma jihar ta ƙi kare kanta, Florida ma ta soke tata a wannan shekarar. An shigar da irin wannan ƙarar a kan Illinois a watan Satumban 2025. Bambancin shi ne hukumomin Illinois ba su miƙa wuya ba, kuma shigar da ƙara ba ya soke doka sai alƙali ya yanke hukunci. Dokar jihar ta 2003 tana bai wa wanda ya yi aƙalla shekara uku a makarantun Illinois ya kuma kammala sakandare a cikinta damar biyan kuɗin 'yan jiha a jami'o'in gwamnati, idan ya sa hannu a takardar rantsuwa cewa zai nemi izinin zama da zarar ya cancanta. Dokar 2019 da ake kira RISE kuma ta buɗe masa tallafin karatu na jiha mai suna MAP ta hanyar wani fom na daban da hukumar tallafin ɗalibai ta jihar ke gudanarwa, wanda ba ya bi ta hannun gwamnatin tarayya. Wannan fom ɗin shi ne nata, da sunanta na gaskiya, kuma tunda kuɗin MAP yana ƙarewa idan masu nema sun yi yawa, gara ta cike da wuri.

Sai dai kada ta jingina da bango ɗaya, tunda shari'a tana iya juyawa ta kowane gefe. Idan makarantarta ta gwamnatin birnin ce kuma matsakaicin makinta ya kai 3.0, kwalejojin birnin Shikago suna da tallafin Star wanda ke ɗauke kuɗin makaranta da littattafai, kuma marasa takardu suna cikin masu cancanta. Shekara biyu a irin wannan kwalejin sannan a wuce jami'a hanya ce da dubban ɗalibai suka bi, kada ku raina ta don sunan bai yi ƙara ba. Akwai gidauniyoyi masu zaman kansu kamar TheDream.US da aka kafa musamman domin irinta, akwai kuma jami'o'i masu zaman kansu da ke ba da tallafi daga aljihunsu ba tare da kuɗin gwamnati ba. Mai ba ɗalibai shawara a makarantarta ya san waɗannan hanyoyin, amma ba zai iya nuna mata su ba idan ta ɓoye masa halin da take ciki.

Akwai wani agogo da zai fara bugawa ranar da ta cika 18, wanda iyaye da yawa ba su sani ba sai ya wuce. Kwanakin zama ba bisa ƙa'ida ba ba a ƙirga wa yaro. Daga ranar da ta cika 18 za a fara ƙirga mata, kuma wanda ya tara fiye da kwana 180 sannan ya fita, an hana shi dawowa na shekara uku, wanda ya tara shekara guda kuma na shekara goma. Ma'anar wannan ita ce, idan akwai tunanin ta yi karatu a wata ƙasa, kamar Kanada ko gida, lokacin yanke shawarar da ba za ta jawo mata wannan haramcin ba ɗan taƙaitacce ne. Ba ina cewa ta tafi ba ne, domin fita ba ta ba da tabbacin samun bizar dawowa, kuma yarinyar da ta taso a Shikago tun tana shekara 7 ba kaya ba ce da za a ɗauka a ajiye. Ina cewa ne a yanke shawarar da ido buɗe, da ita a zaune a wurin, kafin kwanakin su yanke muku. Ki kuma sani cewa hanyar 2038 da na ambata ta iyaye ce, ba ta ɗauke 'yar'uwa kai tsaye, shi ya sa batunta yake buƙatar lauya fiye da naku.

Komawa wata jiha kuwa, a ganina gudu ne daga yayyafi zuwa mamako. Minnesota ta yanke shawarar cire manya marasa takardu daga inshorarta a ƙarshen 2025, Kalifoniya kuma ta yanke shawarar daina karɓar sababbin manya daga Janairun 2026, don haka ko kun isa can ƙofar a rufe za ku tarar. Mafi muni, cancantar 'yarki ta kuɗin 'yan jiha ta rataya ne a kan shekarun da ta yi a makarantun Illinois da kammalawarta a nan, kuma jihohin da ke da irin wannan dokar su ma shekaru suke nema a nasu makarantun. Idan kuka ɗauke ta a ajin ƙarshe, za ta rasa ta nan ba ta samu ta can ba. Wannan ita ce hujjar da nake ganin za ta fi shiga kunnen maigidanki, domin ina kyautata zaton abin da ke damunsa shi ne ya ga iyalinsa cikin matsi ya rasa abin yi, sai ya kama duk igiyar da aka miƙo masa. Kada ki tunkare shi da cewa danginsa sun ba da muguwar shawara. Ki nuna masa lissafin shekarun 2038, ki nuna masa abin da yarinyar za ta rasa, sannan ki roƙe shi ya raka ki wurin lauya ya ji da kunnensa.

Lauyan kuma ya zama na gaske, wato mai lasisi ko wakilin da ma'aikatar shari'a ta amince da shi a wata ƙungiya, ba mai shagon cike fom da ke alkawarin takardu cikin wata shida ba. A Shikago akwai National Immigrant Justice Center, akwai United African Organization da ke aiki da 'yan Afirka, akwai kuma haɗakar ƙungiyoyin kare baƙi ta ICIRR mai layin waya na taimakon iyalai, kuma irin waɗannan wuraren suna duba matsala kyauta ko da kuɗi kaɗan. Ku tafi da fasfo ɗinku tsoho da sabo, da takardar haihuwar yaron, da takardun makarantar yarinyar, da na harajin da kuka taɓa biya idan akwai. Ku tambaye shi a kan ranar cikar yarinyar shekara 18, ku kuma tambaye shi yadda ake rubuta takardar wakilci ga wanda zai riƙe yaron idan aka tsare ɗayanku. A nan ne yayar maigidanki za ta yi muku amfanin da ya fi na katinta, idan ta yarda a sa sunanta a wannan takardar.